Fina-finan Ramuwar Gayya na Koriya da Masu Kallonsu a Nguru da Gashuwa

Tun kafin matashin Nguru ko Gashuwa ya san sunan wani daraktan Koriya, ya riga ya kalli labarin Koriya bai sani ba. Rocky Handsome, fim ɗin Indiya da John Abraham ya fito a ciki a 2016, sake shiri ne na The Man from Nowhere, wanda aka yi a Koriya ta Kudu a 2010. Zinda na Sanjay Dutt, da ya fito a 2006, kwaikwayon Oldboy ne da aka yi ba da izinin masu shi ba. Masu sharhi da dama sun hango I Saw the Devil a cikin Ek Villain na 2014, sun kuma hango The Chaser a cikin Murder 2 na 2011. Mu kuwa Indiya ce ƙofarmu, tun zamanin da 'yan kasuwar Labanan ke kawo fina-finai sinimomin Kano har zuwa wannan zamani na fassarar Indiya-Hausa irin ta Algaita. Ta nan labaran ramuwar gayya na Koriya suka fara shigo mana, an zuba musu waƙa da rawa, an rage musu ɗaci.

Yanzu asalin ne ke zuwa da kansa, babu wanda ya tace shi. A da, sabon abu sai ya biyo layin dogon da ya taso daga Kano ya tuƙe a Nguru. Yau shagon mai tura fina-finai a waya ya wadatar, ko katin memori, ko abokin da zai tura maka ta Xender a majalisa. Gashuwa ta cika da ɗalibai, ga na Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, ga na Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, kuma kowa da sinimarsa a aljihu. Jumong ne ya fara saba wa mutanenmu da fuskokin Koriya, Squid Game ya zo a 2021 ya ƙara buɗe hanya. Wanda ya gama waɗannan sai ya koma shago ya ce a ba shi wani na Koriya mai zafi. Abin da ake tura masa a nan shi ne abin da nake son mu duba.

Ramuwa a fim ba baƙuwarmu ba ce. A Fist of Fury na 1972 Bruce Lee ya rama kisan malaminsa. A Sholay na 1975 Thakur ya ɗauko mutum biyu su kamo masa Gabbar Singh da ya karkashe masa iyali. Tsarin kowa ya haddace shi: bos ya yi zalunci, jarumi ya sha wuya, a ƙarshe ya gama da bos, a tashi ana murna. Ramuwar ita ce ladar da ake biyan mai kallo saboda haƙurin zama.

Daraktocin Koriya sun ɗauki wannan tsari sun juya shi. A I Saw the Devil, wanda Kim Jee-woon ya shirya a 2010, wani makashi ya yi wa budurwar wani jami'in leƙen asiri kisan gilla. Jami'in bai sha wahalar gano shi ba, tun fim bai yi rabi ba ya damƙe shi. Maimakon ya kashe shi ko ya miƙa shi ga hukuma, sai ya lakaɗa masa duka, ya ɗura masa na'urar bin sawu, ya sake shi, don ya sake kamo shi ya ƙara masa azaba. Mai kallo yana jin daɗin kamun farko. A na biyu daɗin ya fara raguwa, domin duk sakin da aka yi wa makashin sai wani da bai ji ba bai gani ba ya faɗa hannunsa, har ta kai ga ƙanwar marigayiyar ta rasa ranta. A ƙarshe jami'in ya shirya kisan ta yadda iyayen makashin da ɗansa ne za su buɗe ƙofar da za ta zama ajalinsa. Ya cimma burinsa, ya fito titi yana tafiya yana kuka kamar wanda ya zautu. Babu murna, babu kiɗan nasara. An ba mai kallo abin da ya roƙa, an kuma sa shi jin kunyar roƙon.

Jagoran wannan salo shi ne Park Chan-wook, da fina-finansa uku: Sympathy for Mr. Vengeance a 2002, Oldboy a 2003, da Lady Vengeance a 2005. A Oldboy an kulle Oh Dae-su a ɗaki guda shekara 15 ba a gaya masa laifinsa ba. Da aka sake shi ya fito neman fansa, bai san shi ne ake ramawa a kansa ba, kuma ta hanyar 'yarsa ta cikinsa aka ɗana masa tarkon, abin kunyar da baki ba ya iya faɗa. Duk Bahaushen da ya karanta Jiki Magayi na John Tafida Wusasa da Rupert East, wanda aka buga tun shekarun 1930, zai ji wannan labari ya yi masa kama da na gida. Malam Shehu ya yi amfani da dukiya ya raba Abubakar da Zainabu. Abubakar bai tare shi da wuƙa ba, sai ya sha wahalar duniya ya nemo asirin da zai lalata ɗan da za su haifa. Ɗan nasu, Kyauta, ya tashi ɓarawo, ya zama masifar gidan ubansa, shi ma Abubakar bai ga alheri ba. Masu labaran biyu, da nisan ƙasa da na zamani, sun gano abu ɗaya: mai ramuwar gayya ba ya tsayawa kan wanda ya cuce shi, sai ya taɓa wanda ba ruwansa.

Me ya sa Koriya ta Kudu, ƙasa mai arziki da zaman lafiya, ta zama matattarar irin wannan fim? Tarihinta ne ya haifar. Japan ta mulke ta daga 1910 zuwa 1945. Yaƙin 1950 zuwa 1953 ya raba 'yan uwa gida biyu har yau. Sojoji suka riƙe ta shekaru masu yawa, kuma a watan Mayun 1980 suka buɗe wa jama'ar birnin Gwangju wuta. Sai a 1987 aka fara komawa dimokuraɗiyya, a 1996 kotun tsarin mulki ta soke tace fim kafin fitarsa, a 1997 tattalin arziki ya karye mutane suka rasa ayyuka. Daraktocin nan sun girma suna ganin mai ƙarfi ya yi ɓarna ya kwana lafiya. Tsakanin 1986 da 1991 an yi ta kashe mata a yankin Hwaseong, ba a gano makashin ba sai a 2019, lokacin da wa'adin gurfanar da shi ya riga ya wuce, alhali wani da bai aikata ba ya yi shekara 20 a kurkuku kan ɗaya daga cikin kashe-kashen. Shi ya sa a fina-finan nan ɗan sanda kullum a makare yake zuwa. A The Chaser na 2008 makashin yana hannun 'yan sanda, ya amsa laifinsa da bakinsa, aka sake shi saboda rashin hujja.

Su kansu mutanen Koriya ba baki ɗaya suka karɓa ba. Hukumar tantance fina-finansu sau biyu tana hana I Saw the Devil shiga sinimomi sai da aka yanke wasu wurare. Amma a waccan shekarar ta 2010 The Man from Nowhere ne ya fi kowane fim na Koriya kasuwa a ƙasar, da masu kallo sama da miliyan 6. Oldboy ya ci babbar kyautar alƙalai a bikin Cannes na Faransa a 2004. Abin da ya fi burge ni shi ne na Silenced a 2011, fim kan cin zarafin yara kurame a wata makaranta a Gwangju. Fushin masu kallo bai tsaya a sinima ba. Aka sake buɗe bincike, majalisa ta tsaurara dokar cin zarafin yara da naƙasassu a cikin wannan shekarar.

To mu fa? Wanda ya taɓa zama inda samari suka haɗa kai kan waya guda ya san sautin. Ana fara dukan makashi za ka ji "Maganinsa ke nan!", wani ya ce a mayar baya a sake gani. Akwai mai kawar da kai yana salati, ya ce wannan ba fim ba ne, mahauta ce. 'Yan mata da yawa sun fi karkata ga The Glory, wanda ya fara fita a ƙarshen 2022, inda wata da aka azabtar a makaranta ta yi shekaru tana ƙulla wa waɗanda suka cuce ta, a sannu, ba gaggawa. Sai kuma wanda ba ya cewa komai, kuma shi ne ya fi damuna.

Domin a Yobe jini ba labarin allo ba ne. An kashe ɗalibai a Mamudo a watan Yulin 2013, a Kwalejin Aikin Gona ta Gujba a Satumbar shekarar, a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi a Fabrairun 2014, da makarantar sakandare a Potiskum a Nuwambar 2014. Ranar 19 ga Fabrairun 2018 aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar Dapchi, garin da matafiyi daga Gashuwa zuwa Damaturu ke ratsawa. Nguru da Gashuwa ba su sha irin wuyar da Gujba da Geidam suka sha ba, amma babu wanda bai san gidan da aka yi zaman makoki ba. Tun 2016 kuma gwamnati ke gudanar da shirin sauya tunanin tubabbun 'yan Boko Haram, mai sansani a Malam Sidi ta jihar Gombe, ana mayar da su cikin jama'a. Shirin na da hujjarsa, domin ba a gama yaƙi da bindiga kaɗai. Amma ka tsaya a matsayin wanda aka yanka wa ƙane, bai ga an gurfanar da kowa ba, ba a zo an nemi afuwarsa ba, abin da ya rage masa kawai ya ce Allah ya isa. Idan irin wannan ya ga mutum a allo ya kama makashi da hannunsa, ba zan kira abin da yake ji son jini ba. Ƙishin shari'a ne.

A nan Lady Vengeance ya fi kowanne kusa da mu. Jarumar, wadda Lee Young-ae ta Jewel in the Palace ta fito a matsayinta, ta yi shekara 13 a kurkuku kan laifin wani malami mai sace yara yana kashewa. Da ta kama shi sai ta tara iyayen yaran a wata tsohuwar makaranta, ta nuna musu hujja, ta ce su zaɓa: a kai shi ga hukuma ko su yi da kansu. Suka yi ta gardama, wasu na rawar jiki, a ƙarshe suka bi layi da makamai. Bayan an gama, ga su zaune jugum, kowa na rubuta lambar asusun da za a mayar masa da kuɗin fansar ɗansa. Musulmi zai gane rabin wannan fage nan take, domin shari'a ta ba waliyyan jini zaɓi tsakanin ƙisasi, diyya da afuwa. Sai dai ta ɗaure zaɓin da sharuɗɗa: alƙali ne ke tabbatar da laifi, hukuma ce ke zartarwa, ba a wuce gona da iri, ba a kama wani da laifin wani. Fim ɗin ya nuna haƙƙin ba tare da alƙalin ba, kuma abin da ya fito bai sanyaya zuciyar kowa ba.

Matsalar ita ce wannan darasi a ƙarshen fim yake, mu kuma sau da yawa ba ma kaiwa ƙarshen. Maganar da Koriyanci ake yi, fassarar ƙasan allo da Turanci, don haka da an fara dogon zance sai a tura gaba a nemi wurin faɗa. Fagen da Oh Dae-su ya ratsa wani lungu cike da 'yan daba da guduma guda a hannu yana yawo shi kaɗai a TikTok da Facebook, an yanke shi daga abin da ya biyo baya, lokacin da mutumin nan ya durƙusa yana roƙo har ya datse harshensa. Wanda ya ga gudumar bai ga durƙuson ba, akasin fim ɗin ya kalla. Kuma wayar da babban yaya ya ajiye a caji, ƙaninsa ɗan firamare ne ke ɗauka.

Ban yarda fim ne ke sa mutum kisa ba. Waɗanda suka hallaka mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba darasin Koriya suka ɗauka ba, haka masu taruwa kan wanda aka yi wa ihun ɓarawon waya a kasuwanninmu. Ɗaukar doka a hannu ta girmi wayar salula. Amma al'ummar da wannan ɗabi'a ta riga ta kama ba ta buƙatar ƙarin hotunan da ke nuna ta a matsayin jarumta.

Hani kuwa bai kai inda cutar take ba. A 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta hana shirya fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya. Niyyar mai kyau ce, amma hukumar furodusan Kannywood take iya kamawa, ba katin memorin da ke Nguru ba. Sakamakon shi ne an ɗaure hannun wanda zai ba da labarin raunukanmu da harshenmu da tarbiyyarmu, an bar na waje yana shigowa guntu-guntu.

Masu shagunan tura fina-finai su daina tura wa yara irin waɗannan, iyaye da yayye su san abin da ke cikin wayoyin gida. Masu fassara, in za su taɓa fim ɗin ramuwa, su fassara shi har ƙarshensa, kada su mayar da kukan jarumi abin dariya. Marubutan Yobe da masu shirya fim na Kano kuma su daina jiran Koriya da Indiya. Iyayen yaran Buni Yadi suna nan da ransu, fiye da shekara goma ke nan, a je a saurare su a rubuta.