Cin Zali da Gudu Zuwa Mafarki: Tsokaci a Kan Wani Ƙagaggen Labari na Michael Ende

A shekarar 1979 ne marubucin nan na ƙasar Jamus, Michael Ende (1929-1995), ya wallafa Die unendliche Geschichte, wato Labari Marar Ƙarshe, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1983. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda littafin ya ɗauki matsalar cin zali a makaranta, da kuma inda ya ajiye ta.

Tauraron labarin, Bastiyan, yaro ne mai ƙiba, mahaifiyarsa ta rasu, mahaifinsa kuma baƙin ciki ya rufe masa baki. Tun a shafukan farko muka gan shi ya faɗa kantin tsofaffin littattafai cikin ruwan sama, yana gudun 'yan ajinsu, waɗanda suka taɓa jefa shi cikin mazubin shara suka rufe. Ya saci wani littafi, ya ɓuya a ɗakin tarkace da ke saman makarantarsu, ya yi ta karatu har labarin ya haɗiye shi, ya tsinci kansa a ƙasar Fantasiya. Ta fuskar zubi da tsari, babi 26 ne, kowanne ya fara da harafi ɗaya daga A zuwa Z. An buga al'amuran duniyar zahiri da jan tawada, na Fantasiya da kore, dabarar da ke sa mai karatu ya ga iyakar duniyoyin biyu da idonsa.

A ganinmu, ƙarfin littafin yana cikin kashinsa na biyu. A Fantasiya an ba Bastiyan wata laya mai cika buri. Ya nemi kyau ya samu, ya nemi ƙarfi da jarunta ya samu. Sai dai duk burin da ya cika, wani abu daga rayuwarsa ta gaskiya yakan goge daga ƙwaƙwalwarsa, har ta kai ya manta sunansa. Abin ban tsoro kuma, wanda aka zalunta jiya ya fara mulkin danniya, har ya ɗaga takobi ya sari amininsa Atreyu. Marubucin bai yi wa wanda aka zalunta kara ba. Ya nuna ciwon da ba a yi wa magani ba yana iya komawa makami.

To amma ina azzaluman yaran? Nan ne muke da ja. Bayan buɗewar labari sun ɓace, makarantar ma ba a sake tuhumarta ba. Bastiyan ya dawo ya shirya da mahaifinsa, ya je da ƙafarsa ya amsa laifin sata gaban mai kanti. Nauyin gyara duk a kan yaron ya sauka, kamar dai shi ne tushen matsalar.

Fim ɗin da Wolfgang Petersen ya yi a 1984 ya cike wannan giɓi da ramuwar gayya: Bastiyan ya hau farin dodo mai tashi, ya kora yaran har suka faɗa mazubin shara. Ende ya ƙi jinin fim ɗin, har ya nemi a cire sunansa. Muna tare da shi a kan cewa ramuwar ta yi arha. Duk da haka, mai karatun da ke kwana da fargabar wayewar gari zai rufe littafin bai san abin da ya faru ba ranar da Bastiyan ya sake shiga aji.