Tarken Ayyukan C. Henry Kempe a kan Cin Zarafin Yara da Matsalar Auna Masani da Yawan Ambato

1.0 Gabatarwa

A jami'o'in wannan zamani, idan ana son a san darajar masani, akan dubi abubuwa biyu, wato yawan abin da ya wallafa da kuma yawan marubutan da suka kafa hujja da shi, abin da ake kira ambato. Da irin wannan ƙididdiga ake ƙara wa malami girma, da ita ake ba shi kuɗin bincike, da ita kuma ake jera jami'o'i daga na gaba zuwa na baya. Wannan takarda za ta yi tarken ayyukan wani likitan yara na ƙasar Amurka, C. Henry Kempe, domin ɗalibai su ga abin da ƙidayar ambato take iya nunawa da kuma abin da yake kuɓuce mata. An zaɓi fagen kula da yara ne saboda sakamakon bincike a wannan fage yakan zama doka, dokar kuwa ita ce take yanke ko yaro ya ci gaba da zama a hannun iyayensa ko a raba shi da su.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa da Ayyukansa

An haifi Kempe a shekarar 1922 a garin Breslau, wanda a lokacin yake cikin Jamus. Da yake Bayahude ne, ya bar ƙasar yana saurayi saboda mulkin Nazi, ya yi karatun likita a Amurka. A 1956 ya zama shugaban sashen lafiyar yara na Jami'ar Colorado da ke Denver. Ya rasu a 1984.

Ayyukansa sun kasu gida biyu. Na farko ya shafi ƙwayoyin cuta, musamman lambar agana da illolin da takan haifar ga wasu yara. Na biyu, wanda aka fi saninsa da shi, ya shafi yaran da masu riƙonsu suke yi wa rauni. A nan akwai maƙalar 1962, da littafin da suka tace shi da Ray Helfer a 1968, da maƙalarsa ta 1976 a kan ma'aikatan lafiya masu ziyartar gidaje, da ta 1978 a kan lalata da yara. Haka kuma a 1972 ya kafa wata cibiya a Denver, a 1977 kuma ya kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta ISPCAN tare da mujallarta.

3.0 Maƙalar 1962

Maƙalar ta fito a ranar 7 ga watan Yuli, 1962, a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, da sunan The Battered-Child Syndrome, wato alamomin yaron da aka jibga. Mutum biyar suka rubuta ta: Kempe, da Frederic Silverman likitan hoton ƙashi, da Brandt Steele likitan ƙwaƙwalwa, da William Droegemueller, da Henry Silver. Shafukanta ba su wuce takwas ba.

Hujjojinta iri uku ne. Da farko, marubutan sun tuntuɓi asibitoci, inda guda 71 suka ba da labarin yara 302 a cikin shekara ɗaya. 33 daga ciki sun mutu, 85 kuma sun sami lahani na dindindin a ƙwaƙwalwa. Na biyu, lauyoyin gwamnati 77 sun ba da labarin yara 447. Na uku, an bayyana abin da hoton ƙashi yake nunawa, wato karaya da dama a jikin ƙaramin yaro, wata sabuwa, wata ta fara ɗoruwa, wata ta warke, alhali bayanin da iyaye suka bayar bai dace da raunin ba. Daga nan sai maƙalar ta fuskanci likitoci kai tsaye, ta nuna cewa sukan ƙi yarda iyaye za su iya aikata haka, su sallami yaro ya koma inda aka ji masa ciwo.

Abin da ya kamata ɗalibin harshe ya lura da shi a nan shi ne zaɓen kalma. Kafin wannan lokaci, likitoci sukan yi amfani da lafuzza masu sanyi, irin su raunin da ba a gane sababinsa ba. Kempe ya haɗa kalmomi biyu daga rukunai mabambanta: ɗaya ta kasuwa ce, mai nuna duka da jibga, ɗayar kuwa ta asibiti ce, mai nuna tarin alamomin cuta. Kalmar farko ta jawo ƴan jarida, ta biyu kuma ta ba likitoci damar ɗaukar al'amarin a matsayin aikinsu. Hausawa na cewa suna linzami ne. Daga 1963 zuwa 1967 jihohin Amurka suka kafa dokokin da suka wajabta wa likitoci kai rahoto, a 1974 kuma majalisar tarayya ta yi dokar CAPTA.

4.0 Abin da Ambato Yake Nunawa da Wanda Yake Ɓoyewa

Ƙidayar ambato a tsare ta soma ne da aikin Eugene Garfield, wanda ya fito da kundinsa na ambaton kimiyya a 1964. A 2004 aka buɗe Scopus da Google Scholar, a 2005 kuma Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin h. Ma'anarsa ita ce, idan aka ce masani yana da 20, to yana da maƙalu 20 waɗanda aka ambaci kowace aƙalla sau 20. Maƙalar 1962 an ambace ta sau dubbai, kuma ta wannan fuska ƙidayar ta faɗi gaskiya, domin da wuya a sami littafi a wannan fage da bai fara da ita ba. Sai dai akwai wurare huɗu da lissafin yake gazawa.

Na farko, ambato ba ya nuna wanda ya fara gani. A 1860 likitan shari'a na Faransa, Ambroise Tardieu, ya wallafa nazari a kan yara 32 da aka azabtar, ya kuma bayyana cewa iyaye ne suka aikata mafi yawa. Aikin ya kwanta kusan shekara ɗari ba tare da ya motsa likitoci ba. A 1946 John Caffey ya bayyana jarirai shida masu taruwar jini a kai tare da karayar dogayen ƙasusuwa, amma bai fito fili ya ɗora wa iyaye ba. Ke nan Kempe bai gano sabon abu ba. Ya faɗi abin da aka riga aka gani ne, a lokacin da jama'a suke shirye su saurara, a cikin mujallar da ake karantawa, kuma da Ingilishi.

Na biyu, rabon yabo yana bin harshe da jerin sunaye. A rubuce-rubucen Ingilishi akan ce Kempe da abokansa, sauran huɗun su ɓace. A littattafan likitanci na Faransanci kuwa, sunan Silverman ne aka liƙa wa wannan yanayi. Silverman ɗin da kansa, a wata lacca da aka buga a 1972, ya sa sunan Tardieu a cikin takenta. Robert Merton ya yi bayanin irin wannan a 1968, inda ya nuna cewa sanannen masani yakan kwashe yabon da ya fi rabonsa, wanda ba a sani ba kuma a tauye shi.

Na uku, ma'aunin h ba ya gane aiki ɗaya mai nauyi. Mai maƙala guda da aka ambata sau dubu biyar, ma'auninsa 1 ne. Mai maƙalu 30 da aka ambaci kowace sau 30, nasa 30 ne. Bugu da ƙari, dokoki da cibiyoyi da horar da ma'aikata, waɗanda su ne babban gadon Kempe, ba sa shiga lissafin.

Na huɗu, ƙidayar ba ta bambance ambaton yarda da na suka, ko na al'ada. Da yawa daga masu ambaton maƙalar suna yi ne a jimlar farko don cika ƙa'ida, ba tare da sun tattauna abin da ke cikinta ba.

5.0 Naƙasun Aikin

Yabon gwani ya zama dole, amma maƙalar tana da rauni a wurare uku. Ta fuskar hanyar bincike, alƙalumanta sun fito ne daga waɗanda suka ga damar amsawa, don haka ba su isa su nuna yawan abin a ƙasa baki ɗaya ba.

Ta fuskar bayani, ta fi jingina matsalar ga halin iyaye da abin da aka yi musu suna yara, ta kuma jaddada cewa abin yana faruwa a kowane rukuni na jama'a. David Gil (1970) ya mayar da hankali ga talauci da yadda al'umma ta amince da dukan yara. Leroy Pelton (1978) ya ƙara da cewa da'awar babu ruwan matsalar da arziki ko talauci ta sa hukumomi sun koma ga gyaran halin iyaye, sun bar batun abinci da muhalli.

Ta fuskar sakamako kuwa, an tsara dokar kai rahoto ne saboda ƙananan yara masu munanan raunuka. Daga baya aka faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da sakaci, aka kuma ƙara yawan masu kai rahoton. Rahotanni suka kai miliyoyi a shekara, mafi yawansu ba a tabbatar da su ba, waɗanda aka tabbatar kuma galibinsu na sakaci ne. Gary Melton (2005) ya yi suka cewa bincikar iyalai ya cinye ƙarfin da ya kamata a sa wajen taimaka musu, kuma a mujallar da Kempe ya kafa aka buga sukan. Dorothy Roberts (2002) ta nuna yadda nauyin tsarin ya fi faɗa wa iyalan baƙar fata. Adalci dai shi ne a ce ba duka wannan ne laifin Kempe ba. Maƙalarsa ta 1976 ta yi kira a riga matsalar ta hanyar ziyartar masu jego a gida, amma ba ta sami irin ambaton da ta 1962 ta samu ba.

Akwai kuma batun al'ada. Jill Korbin (1981) ta tattara nazarce-nazarce da suka nuna cewa ma'anar cin zarafi da sakaci tana sauyawa daga al'umma zuwa al'umma, Esther Goody (1982) kuma ta nuna cewa riƙon yara a Afirka ta Yamma hanya ce ta tarbiyya da koyon sana'a. Mai fassara irin waɗannan matani zuwa Hausa zai tarar cewa horo da duka da azabtarwa da cin zarafi ba abu ɗaya ba ne, kuma kalmar da ya zaɓa ita za ta nuna wa mai karatu wanda ake zargi.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa Kempe ya cancanci matsayinsa, domin ya sa likitoci sun daina kau da kai daga yaron da aka karya. Ta kuma nuna cewa yawan ambaton maƙalar 1962 ya rufe Tardieu da Silverman, ya kuma rinjayi aikin Kempe na rigakafi, wanda masu sukan tsarin suka fi buƙata. Sanarwar DORA ta San Francisco da ƙa'idojin Leiden na 2015 sun yi kira da a sa ƙididdiga ta taimaka wa hukuncin masana, kada ta maye gurbinsa. Saboda haka, ɗalibin da ya ga adadi a gaban sunan masani, sai ya nemi sanin wace maƙala aka ambata, su wa suka ambace ta, da wane harshe, kuma don yarda ne ko don suka, sannan ya koma ga matanin ya karanta da kansa.