Karatun Amshi da Karatun Biyawa: Nazari Kan Koyar da Haɗa Baƙi a Firamare

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan tagar aji ɗaya da hantsi ya san muryar nan. Malama ta ƙwanƙwasa baƙin allo da sanda ta ce "ba", aji ya ɗauka kamar rufin zai yaye. Be, bi, bo, bu. Mai wucewa sai ya ce ma sha Allahu, yara suna karatu. Ni ma haka nake cewa, har ranar da na roƙi wata malama a wata firamare ta unguwarmu ta ara mini sandar. Na fara nuni daga ƙarshen layi. Na ɗora sanda a kan "bu", aji ya amsa da ƙarfi, "ba!" Ashe ba allon suke kallo ba, waƙar suke bi.

Wannan shi nake kira karatun amshi, kuma shi ne ginshiƙin koyar da karatu a yawancin makarantun gwamnati na Arewa. Mutane da dama suna ɗora laifinsa a kan makarantar allo, wai daga can muka gaji rera abin da ba a gane ba. A ganina an bar jaki ana dukan taiki.

A dubi tsangaya da kyau. Gaskiya ne akwai hayaniya, amma ba abu ɗaya ake rerawa ba. Kowane almajiri da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Kolo yana babbaƙu, yana koyon surar haruffa da sunayen da Bahaushe ya raɗa musu don ido ya riƙe: ba guje, ha kuri, lam jaye, nun guda. In ya ƙware a nan sai a shiga farfaru, a ɗora wa baƙaƙen wasula, bisa da ƙasa da rufu'a da ɗauri, har ya iya haɗa su da kansa. Babban sirrin kuwa shi ne biyawa. Yaro ba ya wanke allonsa sai ya durƙusa gaban malam ko gardi, shi kaɗai, yatsansa a kan rubutu, ya biya. In ya kakare, ba ƙari. Daga baya kuma da hannunsa zai riƙe alƙalami ya tsoma a tawada ya rubuta, a duba a gyara masa. Ba ina wanke tsangaya ba ne. Akwai bulala fiye da kima, kuma yaro yakan yi shekara da shekaru yana furta Larabcin da bai san ma'anarsa ba. Amma ta fuskar dabarar gane harafi, malamin allo ya san abin da kowane ɗalibinsa ya iya da wanda bai iya ba. Malamar aji ɗaya mai yara fiye da ɗari a gabanta, wasu a kan benci wasu a ƙasa, ba ta sani ba, kuma ba yadda za a yi ta sani. Mun ɗauko hayaniyar, mun bar biyawar.

Abin takaicin shi ne, da wuya a sami rubutu mai sauƙin koyo kamar bokon Hausa. Tun lokacin da Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909 ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912, aka bi hanyar bai wa kowane sauti harafinsa. Zamanin R. M. East a Zariya aka daidaita baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Wasula biyar ne, gaɓar Hausa kuma ba ta da sarƙaƙiya: baƙi da wasali, wani lokaci da wani baƙin a ƙarshe. Wanda ya san "ka" ya san "sa" ya san "ko", ya karanta "kasko" ke nan da ɗan taimako. Da wannan dabara aka yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, manoma da 'yan kasuwa suka zauna a gindin bishiya da yamma, cikin 'yan watanni suna rubuta wasiƙa suna karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. Dattawanmu da suka yi elementare sun hau tsani mai hawa-hawa: Ka Koyi Karatu, Ka Ƙara Karatu, Ka Yi Ta Karatu, har su isa Magana Jari Ce ta Abubakar Imam. Sunayen littattafan ma kaɗai manhaja ce.

To me ya ɓata? Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa fiye da yadda aka tanadi malamai, wannan kowa ya sani. Rufe kwalejojin horon malamai masu ba da shaidar Gireti Tu ya fi yi mana illa a asirce, domin can ne ake koya wa mutum yadda zai tsaya gaban ɗan shekara shida. Yau sai ka ga wanda ya karanci tattalin arziki ko kimiyyar haɗa sinadarai an miƙa masa aji ɗaya, ba wanda ya taɓa nuna masa bambancin sunan harafi da sautinsa.

Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne, a nan ma gizo ke saƙar. Iyaye suna son su ji ɗansu yana rera "e, bi, si, di" tun yana nazare, sai su ce kuɗinsu ya yi amfani. Amma yaron da aka cusa wa cewa harafin c sunansa "si", i kuma sunansa "ai", in ka rubuta masa "ci" me zai karanta? Na ji wata yarinya 'yar aji uku ta ce "siyai". Ba dakikiya ba ce, abin da aka koya mata ta haɗa daidai. An ba ta mabuɗin ƙofar Turanci, aka ce ta buɗe ta Hausa da shi, alhali Turancin ma rubutunsa ba ya bin furucinsa. Ta tashi ba tsuntsu ba tarko.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshensa ko harshen yankinsa a farkon firamare. A 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa abin zuwa shekara shida, a ƙarshen 2025 kuma ministan ilimi ya ba da sanarwar an janye, a koma Turanci. Ana ta muhawara kamar an taɓa gwada manufar sosai ta gaza. Gwajin da aka yi da gaske shi ne na Farfesa Babs Fafunwa a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, kuma ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin. Nijar ma ta buɗe makarantun gwaji na Hausa da Faransanci a Damagaram tun shekarun 1970. A ajinmu kuwa abin da ke gudana ba Hausa ba ne ba Turanci ba: rubutun allo da Turanci, bayani da Hausa, jarrabawa da hadda.

Shirye-shiryen da aka shigo da su a shekarun baya, irin su Mu Karanta a Bauci da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara, sun fara ne da wani abu mai kama da biyawa. Suka ɗauki yara ɗaya bayan ɗaya, aka miƙa wa kowa takarda ya karanta na minti guda. Sakamakon gwaje-gwajen farko ya tayar da hankali, domin mafi yawan 'yan ƙananan azuzuwa ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba. Maganin da suka kawo, wato sautin harafi kafin sunansa, gaɓa kafin kalma, littafi a hannun kowane yaro, babu baƙon abu a cikinsa ga wanda ya san farfaru. Rauninsu shi ne in kuɗin masu tallafi ya ƙare, littafi yakan koma kabad ɗin hedimasta a kulle, don kada ya yage.

Akwai kuma inda haɗa baƙi shi kaɗai ba ya kai yaro. Bokon Hausa ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. "Gari" na iya zama birni, yana iya zama na tuwo. "Fari" na iya zama launi, yana iya zama rashin ruwan sama. Sai jimla ta raba gardama. Saboda haka yaron da ke furta gaɓoɓi ba tare da bin ma'ana ba bai yi karatu ba tukuna, ya dai haye kogi ɗaya. Dole a tambaye shi, wa ya tafi kasuwa a labarin nan, me ya sayo? Dole kuma a dawo da shifta da insha'i, waɗanda kwafar allo ta kora. Yaro yakan cika littafi da kyakkyawan rubutu alhali zane kawai yake yi. A ce masa ya rubuta sunan kakarsa da abin da ta dafa jiya, nan take za a gane.

Malamar da ta ara mini sanda ta ce da ni, "Malam, yara ɗari da wani abu, yaushe zan saurari kowa?" Tana da gaskiya, kuma ɗaukar malamai da gina azuzuwa nauyin gwamnati ne. Amma in ta saurari biyar kowace rana, minti ɗaya-ɗaya, cikin wata guda ta ji muryar yara ɗari. Tsangaya ma ba malam kaɗai ke karɓar biyawa ba, gardawa na taya shi. 'Yan aji shida da suka iya za su iya wannan aiki.

Kai kuma mai karatu, in kana da yaro a firamare, yau da dare ka ajiye littafin makarantarsa gefe. Ka rubuta masa kalma biyar da bai taɓa gani a allo ba, ka sa yatsansa a kai, ka ce ya biya maka.