Louis MacNeice da bashin da waƙarsa ta ci a gidan rediyo

Akwai wani hukunci da manazarta adabin Ingilishi suka daɗe suna yanke wa Louis MacNeice: wai aikin albashi a BBC ne ya tsotse masa basira. Hukuncin yana da madogara, amma ya yi gaggawa.

An haife shi a Belfas a 1907, ya tashi a Carrickfergus inda mahaifinsa yake limamin coci, aka tura shi karatu Ingila tun yana yaro. Wannan ya bar shi a tsakiya: mutanen Ailan suna ganin sa ɗan Ingila, Ingilawa kuma suna ganin sa baƙo. Kafin ya shiga BBC a 1941 ya riga ya yi suna da Autumn Journal, doguwar waƙar da ta fito a 1939, wadda ta kama fargabar Landan a jajiberin yaƙi. Aikin da aka fara ɗora masa a gidan rediyo kuwa na farfagandar yaƙi ne, ƙarƙashin Laurence Gilliam.

Masu zarginsa sun fi kafa hujja da Autumn Sequel na 1954, kuma a nan da gaskiyarsu. Waƙa ce mai tsawo da ta cika da abokan aiki da hirar mashaya, baitoci suna bin juna kamar an ba mutum lokacin da dole ya cike. Mai rubuta shiri ya saba da miƙa magana har agogo ya cika, kuma wannan ɗabi'ar ta biyo shi har kan takarda.

Sai dai wanda ya tsaya nan bai saurari The Dark Tower ba, wasan da aka watsa a Janairun 1946 da kiɗan Benjamin Britten. Labarin saurayi ne, Roland, da aka rena domin ya bi sawun mahaifinsa da yayyensa zuwa yaƙi da wani mugun abu da ba wanda ya taɓa dawowa daga gare shi. A tsakiyar wasan akwai wani mashayi da yake umartar makaɗa su gina masa gidan giya, kiɗa ya tashi, gidan kuma ya tsaya a kunnen mai sauraro, bango da ƙofa. Dandamali ba zai iya wannan ba, littafi ma haka. MacNeice ya gane cewa a rediyo murya ce take gina wuri ta kuma rushe shi cikin numfashi guda, kuma ana iya tsallakawa daga farke zuwa mafarki ba tare da an nemi izinin kowa ba.

Wannan darasi ne ya ceci waƙarsa a ƙarshe. Bayan ya rage aikinsa a BBC a 1961, ya rubuta gajerun waƙoƙin da aka tara a The Burning Perch. A ɗaya daga ciki, mutum yana shiga tasi shi kaɗai, direbobi suna cajin sa kuɗin fasinjojin da ba ya gani. A wata, motar haya ta Landan ce take sauke mutane a bakin kogin mutuwa. Sauyin wuri ba gargaɗi, amshi mai dawowa da wata ma'ana dabam, muryar da ba a ga mai ita ba: duka kayan aikin ɗakin watsa shiri ne, an matse su cikin baitoci kaɗan.

Littafin ya fito kwanaki bayan rasuwarsa. A Agustan 1963 ya shiga wani kogo a Yorkshire tare da masu naɗar sauti domin wasansa na ƙarshe, Persons from Porlock, labarin mai zane da neman abinci yake ta katse wa aiki. Ruwa ya jiƙa shi, ciwon huhu ya kama shi, ya cika ranar 3 ga Satumba yana da shekara 55.

Mawaƙan arewacin Ailan ne suka dawo da shi gida daga baya, musamman Derek Mahon da Michael Longley da Paul Muldoon. Muldoon ɗin ma ya shafe shekara 13 yana shirya shirye-shirye a BBC ta Belfas.