Gwanintar Tutuola Wajen Tayar da Tsigar Jiki

Ba kowane mai ba da labarin aljanu ne ya iya tsoratarwa ba. Da yawa sun ɗauka in sun tara jini da ƙaho da jajayen idanu shi ke nan, alhali mai karatu hamma yake yi. Amos Tutuola, Bayaraben Abeokuta da aka haifa a 1920, ya san inda tsoro yake kwana. Karatun bokonsa bai wuce shekara shida ba, kuma yana masinja a Ma'aikatar Ƙwadago a Legas ya rubuta The Palm-Wine Drinkard, wanda kamfanin Faber ya buga a Landan a 1952. Labarin wani mashayin bammi ne da mai tatso masa bammin ya faɗo daga kan kwakwa ya mutu, shi kuwa ya ɗaura aniyar bin sa har garin matattu.

A cikin littafin akwai wata budurwa da ta ƙi mijin da mahaifinta ya zaɓa mata. Ran kasuwa ta hangi wani kyakkyawan baƙo, wanda ba shi da makusa tun daga kai har ƙafa, ta bi shi. Ya ce ta koma, ta ƙi. Da suka nutsa cikin kurmi sai ya tsaya wurin wani, ya cire ƙafarsa ta hagu ya miƙa masa, ya biya kuɗin haya. Ashe ta aro ce. Gaba kaɗan ya mayar da ta dama, ya koma jan ciki. Haka ya yi ta rabar da ciki da haƙarƙari da hannuwa da wuya, kowace gaɓa ga mai ita, kowace da kuɗinta, har ya rage ƙoƙon kai tsura yana tsalle a bayanta.

Wannan biyan haya shi ne abin da nake jinjina wa Tutuola a kai. Da ya ce baƙon ya rikiɗe nan take, da an firgita sau ɗaya an wuce. Sai ya ja abin gaɓa-gaɓa, ya bar mai karatu yana lissafin abin da ya saura tun kafin yarinyar ta gama ganewa. Kuma ya kawo ciniki, abin da kowa ya sani a kasuwar garinsu, ya dasa shi a tsakiyar abin al'ajabi. Dodon da ke biyan bashi a kan lokaci yana da tsari, yana da maƙwabta da abokan hulɗa. Wato akwai wata al'umma sukutum a dajin da wannan ba komai ba ne a wurinta. Muryar mai labarin ma ba ta ɗagawa. Yana faɗin abin kamar mai ba da rahoton farashin doya.

Bai tsaya nan ba. A ramin da dangin ƙoƙunan kai suke zaune, an ɗaura wa yarinyar wuri guda a wuya, aka zaunar da ita a kan ƙaton kwaɗo. Wurin ya hana ta magana, in kuwa ta yunƙura za ta gudu sai ya kama ƙara ya tona ta. Kuɗin kashewa ne na kakanni, ƙanƙani, ya zama mari.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan labari. Muna da tatsuniyar yarinyar da ta ce ba ta auren mai tabo, ta ƙare a hannun wanda ba mutum ba. Tutuola bai ƙirƙiro ƙashin labarin ba, a bakin mutanensa ya same shi, kuma D. O. Fagunwa ya riga shi shiga dajin aljanu da littafinsa na Yarabanci a 1938. Wasu 'yan bokon Nijeriya na lokacin sun riƙe wannan, da karyayyen Turancin Tutuola, suka yi ta kushe shi. Ni ina ganin sun duba rigar ne kawai. Chinua Achebe ya tsaya masa a wata lacca a Ibadan a 1977, shekara ashirin kafin rasuwar Tutuola.

Ko da mashayin ya isa garin matattu, babu wuta babu azaba. Mutanen can da baya-da-baya suke tafiya, kuma ganin jinin mai rai na harzuƙa su. Ya sami mutuminsa lafiya lau, suka gaisa, suka yi hira, amma mai tatsar bammin ya ce ba zai iya komawa ba, don matacce da rayayye ba sa zama gari ɗaya. Ya ba shi ƙwai guda na tsafi, ya sallame shi.