Ɗafa-ƙeyar "-iyya" da Maganar Siyasa a Facebook

Hausawa sun daɗe da sanin ɗafa-ƙeyar nan ta "-iyya", wadda suka aro daga Larabci, amma a da galibi a sunayen ɗariƙu aka fi jin ta, kamar Ƙadiriyya da Tijjaniyya. Da ta shiga siyasar Kano aka sami Kwankwasiyya, sa'an nan Gandujiyya bayan da Rabi'u Musa Kwankwaso da Abdullahi Umar Ganduje suka raba gari a 2016. Kalma kuwa ba ta yin ƙaura ta bar kayanta a baya. Ta taho da ma'anar mubaya'a, watau bin mutum, ba bin manufa ba.

Masu cewa Facebook ne ya raba kan jama'a sun yi gaggawar yanke hukunci. Tun a 1980 PRP ta dare gida biyu, aka yi 'yan santsi da 'yan taɓo, alhali babu ko wayar hannu. Sojojin baka ma sun riga shi a gidajen rediyo. Abin da ya sake shi ne mazaunin maganar. Da can maroƙi ke yin kirari da zambo, a ba shi tukuici, iska ta kwashe sauran. Yanzu kowane saurayi mai waya shi ne maroƙin kansa: ya liƙa sunan ubangida a bayan nasa, ya sa hotonsa da jar hula, ya rubuta "Amana", abokai su amsa kamar 'yan amshi.

Idan mai nazari ya duba rubutun nan da idon basira, zai tarar kirarin ya fi hujja yawa, zambon kuma ya fi kirarin armashi. Sau da yawa ba a gane ɓangaren marubuci sai an ga wanda yake zagi. Lamirin "mu" ba ya tsayuwa sai an jingina shi da "su".

Har wa yau rubutu ba ya gushewa kamar furuci. Manya su shirya a ɗaki, su sake hula, a tashi lafiya. Yaron da ya yi shekara biyar yana zambo da sunansa na yanka, shi ne za a tono wa tsohon rubutunsa ranar da ya so juyawa, a ɗauki hotonsa a yaɗa. Saboda haka da yawa sukan zauna inda suke, ko da zuciya ta riga ta tashi.