A Ajiye Waya, A Fuskanci Allo

A babbar gasar ces ta ƙasashen duniya da aka yi a Budapest ta ƙasar Hungary a watan Satumba 2024, zagaye na 7 ya haɗa Indiya da Sin. Alluna 3 suka tashi canjaras, ido ya koma kan Gukesh na Indiya da Wei Yi na Sin. Gukesh na riƙe da dawaki 2, Wei Yi na da hasumiya. Sun yi sa'o'i suna kai ruwa rana kafin Gukesh ya yi nasara, Indiya ta ci da maki 2.5 da 1.5. A ƙarshen gasar Indiya ta kwashe zinare, maza da mata.

Abin da ya fi burge ni da Gukesh shi ne tarbiyyarsa. Malaminsa Vishnu Prasanna ya nisanta shi daga manhajar lissafin ces tun yana ƙarami, ya bar shi ya wahala da ƙwaƙwalwarsa. Yana shekara 18 Gukesh ya karɓe kambun duniya daga hannun Ding Liren a Singafo, cikin Disamba 2024.

Mu kuwa ta bayan gida muka shigo wasan. Samarin da ke koyon ces a Kasuwar Jalingo, galibi a rumfunan cajin waya, wasan minti ɗaya suke yi da baƙon da ba su taɓa gani ba. Ana gamawa sai a tambayi manhajar Stockfish inda aka yi kuskure, ta faɗa, a wuce. Babu gardama, babu zufa. Wannan yana ci mini rai matuƙa, domin yaran suna da basira, gaggawa ce ke cinye ta.

Ga dattawan dara nan kusa da su, gida 30 a haƙe a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12. Mutum zai daɗe yana kallo kafin ya taɓa ɗa guda, in an tashi kuma 'yan kallo su yi ta musu a kan inda wasan ya karye. Musun nan shi ne makarantar.

Ban ce a jefar da waya ba, ta nan yawancinsu suka san wasan. Roƙona ga 'yan kasuwa masu hali su sayi allunan gaske a ajiye a inuwa, a buga wasa mai tsawo bayan la'asar, kuma kada a buɗe manhaja sai kowa ya faɗi nasa lissafin.